Jar Tuta a Ƙofar Gidana

Litinin, 6 ga Fabrairu

Kwana huɗu ke nan dusar ƙanƙara na zuba. Sau biyu na hau rufi da shebur, na share bakin tagar sama don hayaƙi ya samu mafita. Shekarata sittin da ɗaya, ba namiji a gidan, amma duk ƙauyen nan babu rufin da ya kai nawa shara. Na maƙwabciyata Gulbegim har ya fara lotsawa, ga ƙartin 'ya'yanta biyu a ɗaki suna karta. Na faɗa mata. Ba ta ji daɗi ba. Ni ma ba don ta ji daɗi na faɗa ba.

Talata, 7 ga Fabrairu

Bayan azahar tarma, wato tulin ƙanƙarar da ke gangarowa, ta ɓallo daga dutsen gabas, ta binne hanyar birnin Khorog. Kwanukana sai da suka yi rawa. Babu wuta, babu waya.

Alhamis, 9 ga Fabrairu

Jirgi mai saukar ungulu ya sauka a filin makaranta da fulawa da mai da barguna. Daga kan rufi na kalla. Manya da gemunsu suna ture juna a kan bargo. Kunya ta ƙare a garin nan.

Cikin waɗanda suka sauko har da 'yata Mavjuda. Tafiyarta na gane, irin ta ubanta. Shekara biyu ke nan da ta ajiye aikin koyarwa ta shiga 'yan ceto. Tun ran nan na gaya mata, yarinyar da ke ɗaga murya tana ba sa'o'in ubanta umarni ba tarbiyyata ba ce. Daga nan maganarmu ta koma gaisuwa.

Ta hauro da maza biyu da damin jajayen tutoci. Ta gaishe ni yadda ya kamata, wannan kam ba zan ƙi faɗa ba. Sannan ta ce ƙanƙarar da ta taru a gangaren da ke bisa gidaje bakwai na sama jiran rana kawai take, ranar da gari ya washe za ta iya ɓallowa, kowa ya koma makaranta. Ta kafa tutar a ƙofata, a gaban baƙi.

"Inna, gidanki ne na farko a hanyarta."

Na ce kakanta ne ya gina gidan nan, magabata sun san inda tarma take bi, ba su jira wata ta zo da tsumma ta nuna musu ba. Ta ce sun gina shi lokacin da akwai bishiyoyi a gangaren, mu kuwa muka sare su muka yi makamashi a shekarun yaƙi.

Da hannuna na sari wasu. Ban ce mata haka ba. Ce mata na yi ta rage murya.

Ta wuce ƙauyen sama, can aka ce akwai mutane a ƙarƙashin ƙanƙara. Ko shayi ba ta tsaya sha ba. Ban kuma yi mata tayi ba.

Juma'a, 10 ga Fabrairu

Duk sun sauka. Gulbegim ta wuce da kajinta a buhu, tana cewa wai taurin kai ne zai yi ajalina, in ta tarar da ni a lahira ma gyara wa mala'iku aiki nake. Na ce ta lura da buhunta, zakara na leƙowa.

Asabar, 11 ga Fabrairu

Gida bakwai, hayaƙi ɗaya.

Lahadi, 12 ga Fabrairu

Da safe Kawu Shodmon, dattijon unguwarmu, ya hauro min da rabona na fulawa. Na ce ya kai wa masu yara, ina da busassun 'ya'yan itacen tut da za su kai ni bazara. Ya ce an tono mutum bakwai a ƙauyen sama, uku da rai, kuma Mavjuda ce ta taɓo guda da dogon ƙarfen da suke caka wa ƙanƙara. Ya yi dariya ya ce 'yata ta zama kwamanda, saura ta sa mu fareti. Na taya shi dariyar. Bayan ya tafi ban san me ya ba ni dariya ba.

Na tsinci kaina ina yi wa saniya faɗa don ta tattake ciyawa. Ta dube ni. Tun Juma'a ban gyara wa ɗan Adam kuskure ba, bakina har ya yi nauyi.

Litinin, 13 ga Fabrairu

Na share rufi. Ba wanda ya gani.

Talata, 14 ga Fabrairu

A makaranta nake rubuta wannan, a kan bencin 'yan aji uku.

Gari ya washe yau, rana fes. Da hantsi Mavjuda ta shigo ita kaɗai. Na shirya amsoshina tun jiya, sai ba ta kawo maganar sauka ba. Zama ta yi a bakin murhu tana kokawa da igiyar takalmi, yatsunta sun ƙi, sanyi ya cinye su. Biyu sun yi fari fat. Na ce haka ake idan mutum bai ji magana ba. Na kwance mata, na ɗumama ruwa kaɗan, na haɗa shayin madara da gishiri. Ta sha rabi.

Na tambaye ta yaushe za ta koma wurin mutanenta.

"An ba ni hutun wuni ɗaya, Inna. Gida na zo."

"Ba ke kika ce gidan nan a bakin halaka yake ba?"

"Yana nan a bakinta. Amma kwana biyar ina tono iyayen mutane. In za a tono ki, gara a tarar da ni kusa da ke, ba ni ke riƙe da shebur ba."

Ta ja bargon ubanta, nan take barci ya kwashe ta, baki a buɗe kamar tana 'yar shekara shida.

Na fito na dubi gangaren. Rana ta kama shi gaba ɗaya, yana sheƙi, ruwa na ɗiga daga bakin rufi. Kwana biyar ina kwana a ƙarƙashinsa ban ji komai ba. Yau 'yata ce ke kwance a ƙarƙashinsa.

Na tashe ta da faɗa, na ce 'ya mace ba ta barcin rana a gidana. Na kwance saniya. Ni a gaba, Mavjuda a baya tana tangaɗi. Haka muka sauko har filin makaranta.

Laraba, 15 ga Fabrairu

Mutum arba'in a aji biyu. Yara ba gaisuwa, takalma ko'ina. Gulbegim ta matsa min wuri kusa da ita, tana murmushin nan nata. Kajinta a ƙarƙashin teburin malami.

Juma'a, 17 ga Fabrairu

Gidana na nan tsaye, daga tagar aji nake hango shi. Tarma ba ta sauko ba. Har yanzu.

Bayan abincin rana Kawu Shodmon ya tara maza ya ce ya isa, yau kowa zai koma ɗakinsa. Mavjuda ta miƙe da hannunta naɗe da bandeji ta ce a ƙara kwana uku, ƙanƙarar ba ta zauna ba. Ya ce yarinyar da aka haifa a gabansa ba za ta tsare shi a aji kamar ɗalibi ba, ga gidan uwarta can ko tsinke bai faɗa masa ba, a tambayi uwar ma. Duk suka juyo gare ni.

Na ce, "Kawu, zauna. Ba ta gama magana ba."

Ya zauna. Ita ma sai da ta ɗan daburce kafin ta ci gaba.

Ba wani abu ba ne. Katse mutum yana magana rashin tarbiyya ne, ko daga bakin wa ya fito. Muryarta dai har yanzu ta yi ƙarfi da yawa. Zan faɗa mata, idan hannun ya warke.