Kada a Tono Dasashin Oryem

Gulu, ranar Talata

Zuwa ga ƙanena Okema,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Aciro da Mama. Ya jikin jaririnku Oryem? Allah ya ba shi sauƙi. Mu nan lafiya lau, hankalina ne kawai ba a kwance ba.

Direban motar Kitgum ya gaya mini yaron yana gudawa, kuma Mama ta leƙa bakinsa ta ce ebino ne, wai tsutsa ce a dasashi, za a kai shi wurin tsohuwar nan ta bakin kasuwa ta tone ta. Na kira ka, ka ƙi ɗauka don ka san abin da zan faɗa. Tun kana ƙarami haka kake, in ka ga faɗa sai ka hau bishiyar mangwaro. To, ga shi a rubuce.

Farin abin nan ba tsutsa ba ne, fiƙa ce da ba ta fito ba, kuma kowane jariri yana da ita. Ka tuna ina gona Mama ta ɗauki 'yata Atimango ta kai wa matar nan, aka tono mata dasashi da wayar ƙafar keke. Yau shekararta goma sha uku. Na kai ta wurin likitan haƙori, ya ɗauki hoton ƙashi ya nuna mini. Fiƙa ɗaya babu ita sam, ɗayar ta fito a murɗe. Sauran haƙoran suka matso suka cike gurbin, na sama da na ƙasa suka daina haɗuwa, sai muƙamuƙinta ya riƙa kaucewa hagu don ta samu ta tauna. Ya ce yadda fuska take girma, haka karkacewar take bin ta. Haɓarta yanzu ba ta saitin hancinta. Rake ya gagare ta, gasasshiyar masara sai na ɓare mata. Gyara, in ji shi, sai Kampala, kuma ko can ba a mayar da haƙorin da aka kashe tun yana cikin dasashi.

Ba na zagin Mama, tsoro ne ya sa ta, ta binne 'ya'ya biyu saboda gudawa. Amma kai ne uban yaron. Ku ba shi ruwan gishiri da sukari, ku kai shi asibiti. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Na roƙe ka don nonon da muka sha.

Ka gaida kowa. Yayarka,
Lakot

Gulu, ranar Lahadi

Okema,

Ina gaishe ka da mutanen gida. Na ji daɗi da Oryem ya warke, Allah ya raya shi.

Takardarka ta zo. Ka ce da safe aka tono masa, da yamma kuka kai shi asibiti aka ƙara masa ruwa, ya tashi garau. Ka ce Mama ta kai wa tsohuwar kaza, kuma matan maƙwabta sun fara jera nasu jariran. Wanne ya warkar da shi, tonon ko ruwan? Na san amsar da za a ba ni, shi ya sa na gaji. Likitan da ya ceci yaron ba wanda zai tuna da shi, ni kuwa na zama 'yar birni mai raina uwarta. Abin da aka yi wa bakin nan ba zai nuna ba sai nan da shekaru, lokacin kowa zai ce haka Allah ya halicce shi. Na yi kuka har miyar yakuwa ta ƙone mini a kan wuta.

Ka san idona ba ya gani sosai, Atimango ce ta karanta mini takardar. Da ta kai ƙarshe ta ninke ta a hankali. Can ta ce, "Mama, ki gaya wa Kawu in Oryem ya isa makaranta ya turo mini shi. Zan koya masa yadda ake dariya baki a rufe, yara ba su cika ganewa ba."

Na isar da saƙonta. Ka gaida Aciro, ka ce wa Mama ina gaishe ta.

Yayarka,
Lakot