Akwatin Bakin Ofishin Matuƙa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya ƙafar Baba?

Kin tuna akwatin nan na bakin ofishinmu na matuƙa jirgin sama, wanda aka rubuta a jikinsa cewa duk wanda ya faɗi kuskurensa ba za a hukunta shi ba? To, ƙaninki sarkin baki ya jefa takarda. Kwana biyar ina tashi da jirgi ba isasshen barci, sai na shigar da nauyin jirgi ba daidai ba. Saura ƙiris titi ya ƙare mana kafin mu ɗaga. Fasinjoji ba su sani ba. Na rubuta komai, har da jadawalin da ke hana mu hutu. Manaja ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce irina ake nema.

Naki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, ba su hukunta ni ba, wai. An dai kira ni gwaji a na'urar koyon tuƙi, wata huɗu kafin lokacina. Mai gwajin abokina ne, tare muka yi makaranta. Ya kashe mini inji, ya sako guguwa, ya ɗauke wuta, duk a tashi ɗaya, sannan ya sa hannu cewa na faɗi. Ko kallona bai yi ba.

An rage mini igiya ɗaya a kafaɗa, na koma kujerar mataimaki. Matata ce ta warware ɗinkin, tana yi tana hawaye. Shekara goma sha tara ina wannan aiki, Yaya. Kada Baba ya ji.

Naki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, Allah Ya sa kowa lafiya. Saƙonki ya iso, cewa za ki kawo yara hutu a jirginmu.

Jiya kyaftin ɗin da nake yi wa mataimaki ya yi kuskurena sak, idonsa jawur don gajiya. Na gyara lambar, ban ce uffan ba. Da muka sauka, tare muka wuce akwatin. Ya kalli kafaɗata, na kalli ƙasa. Kunyar kaina nake ji, amma kujerar nan kaɗai ta rage mini. Wata uku ke nan ba wanda ya jefa takarda, har manaja ya tara mu ya yaba mana, wai mun daina kuskure, aka yi tafi.

Don Allah ku biyo jirgin ƙasa. Na san kwana biyu ne, kuma ƙaramar taki tana amai a hanya. Zan tarbe ku a tasha.

Ƙaninki,
Auta