Jif Ɗin Mijin Yayata da Hanyar Gidan Inna

Anti mai shawara, don Allah ki taimake ni kafin in yi abin da zan ciji yatsa. Ni malamar makaranta ce, shekarata arba'in da shida, kuma na rantse damina ba za ta sake samuna da ƙaramar mota ba. Mahaifiyarmu, Inna, tana zaune a gidan gona, ta ce ko da igiya ba za a ja ta birni ba. Bara ciwonta ya tashi ana tsakiyar ruwa, na ɗauko ta, motata ta kafe a laka har ƙofa. A kan babur aka ƙarasa da ita asibiti, tana riƙe da rigar mutumin da ba ta sani ba. Har yau in na tuna sai zuciyata ta yi zafi.

To, mijin yayata yana da wata ƙatuwar jif mai kujerun fata, irin wadda tayoyinta huɗu ke ja, ya ce zai sayar mini da sauƙi. Anti, motar nan ta shiga raina, in kin zauna ciki kamar falo. Sau uku ina zuwa dubawa, kullum sai ya ce in zo da rana, kuma kullum na tarar an riga an tayar da ita tana ta ƙamshin turare. Rannan na biya da sassafe kai wa yaya saƙo, na ga bayan motar ya durƙusa ta gefe guda kamar raƙumi. Da na ce zan kawo makanike, sai ya ɓata rai, wai na mayar da shi maƙaryaci. Yaya kuma ta daina ɗaga wayata sosai. Mota kam sai na saya, ko wannan ko wata. Amma ya zan yi in duba ta ba tare da na rasa 'yar'uwata ba?

Mai Taurin Kai

Mai Taurin Kai, wannan taurin kan naki ina son sa, kada ki sauke shi. Ban ce mijin yayarki macuci ne ba. Mai mota yakan saba da ciwon motarsa har ya daina ganinsa, kuma namiji da jif ɗinsa sai a hankali. Amma abin da kika gani da safe ba ƙaramin abu ba ne. Irin waɗannan motoci da yawa a kan jakunkunan iska suke tsaye, in ta kwana ta durƙusa, iskar na zurarewa, gyaran kuwa yana da tsada.

Ki je da sassafe, ki ɗora hannu a kan bonet. In da ɗumi, ki dawo gobe. A gabanki za a tayar da ita da sanyinta, ki saurari ƙara, ki dubi hayaƙin da ke fitowa ta salansa, wato bututun baya: shuɗi na nufin tana shan baƙin mai, fari mai kauri da ba ya yankewa kuwa ruwa ne ke shiga injin. Da an murɗa makulli, fitilun gargaɗi su kama duka sannan su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, a tambayi dalili. Turaren nan ma ban yarda da shi ba. Ki ɗaga kafet, ki leƙa ƙarƙashin kujeru, in kin ga tsatsa ko busasshiyar laka, motar ta taɓa nutsewa a ruwa, ki bar ta. Makanikenki, ba nasa ba, ya sa mata kwamfuta, ya shiga ƙarƙashinta ya nemi yoyo, ya gwada lambar jikinta da ta takardu, ya kuma faɗa miki ko ana samun kayanta a kusa. Sayen jif ba wuya, riƙonta ne aiki.

Yayarki kuwa, ki same ta ke da ita. Kada ki yi maganar mijinta, ki yi maganar Inna, ai uwarku ɗaya kuma ita ma ba ta manta babur ɗin nan ba. Ki ce mata ko motar waye za ki saya, haka za ki duba ta. Gara ɓacin ran mako guda yanzu da gabar shekaru in motar ta mutu a hannunki.

Gwaji na ƙarshe ba a kwalta za a yi shi ba. Ki ce ku je gaida Inna a cikinta, ke a sitiyari, shi a gefenki, ku bi ta inda kika kafe bara, a sa giyar da ke jan tayoyi huɗu a gani. In ta haye, ki saya da farin ciki. In ya ce hanyar za ta ɓata masa mota, to ya ba ki amsa da bakinsa, ki gode masa ki nemi wata.

Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ya sa bana a kujerar fata za ta ratsa lakar nan.