Hatsarin Titin Koudoukou

Kilomita Biyar, Bangui

Yaya Abdurra'uf,

Assalamu alaikum. Ina fata kai da Anti Husna da yara kuna lafiya. Inna tana gaishe ku. Na zaɓi takarda ne saboda a waya ba ka bari in kai ƙarshen magana.

Ka ji an yi hatsari, to ga yadda abin ya faru. Na ɗauko kindirmo zan rarraba wa shaguna, cunkoso ya tsayar da ni a Titin Koudoukou. Ɗan moto ne a gabana, wato mai hayar babur, tasi a gabansa. Ta madubi na hango babbar motar maigidanka Alhaji Muktar shaƙe da siminti, direban yana ta danna hon, birki ya ƙi. Ta daki bayana, ni kuma na daki ɗan moton, ya matse tsakanina da tasi. Ni wuya ne kawai ya ƙage mini. Shi ƙafarsa ta karye.

Motata tana garaji, ba ta ko tashi. Ka san da bashin banki na saye ta, kuma banki ba ruwansa da hatsari, ƙarshen wata zai cire nasa. Sa'ar da na yi, tun farko sun tilasta mini yin cikakkiyar inshora. Amma kamfanin ya ce ba zai biya ba sai 'yan sanda sun kammala konsta, takardar da take nuna mai laifi.

Jiya wakilin Alhaji ya zo gida da bayani a rubuce, wai ɗan moton ne ya yanko gabana ya sa na taka birki ba shiri. Mai tasi ya riga ya sa hannu. Wakilin ya ce ni ko ta yaya za a biya ni, kuma ta wannan hanya ya fi sauri, tunda ɗan moton ba shi da mai tsaya masa. Na ba shi ruwa ya sha, na mayar masa da takardarsa.

Ƙanwarka,
Sharifa


Garoua-Boulaï

Sharifa,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da jaje, Allah Ya kiyaye gaba. A gaida Inna.

Alhaji ya kira ni kafin takardarki ta iso. Wa'adin gwajin lafiyar babbar motar ya wuce ba a sabunta ba. Idan laifi ya hau kanta, inshorarsa za ta biya mutane, sannan ta juyo kansa, ƙila har a tsare sauran motocinsa. Kin san lokacin da muka gudo nan daga rikicin Bangui ba mu da ko tabarma, shi ya damƙa mini makullin sitonsa na kan iyaka. Daga nan nake ci, daga nan yara suke makaranta.

Ya yi alkawarin zai ɗauki nauyin jinyar mutumin da kansa, ke kuma ya ba ki aron mota har taki ta fito. Wa aka cuta a nan? An ce ma ɗan unguwar Miskine ne. Ke kin manta abin da aka yi wa gidanmu a Miskine, ni ban manta ba.

Ki sa hannu. Ban taɓa roƙonki komai ba sai wannan.

Yayanki,
Abdurra'uf


Kilomita Biyar

Yaya,

Salama da fatan alheri. Na karanta takardarka har na kusa haddace ta, kuma na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba.

Na je asibiti. Sunansa Firmin, moton ma ba nasa ba ne, haya yake yi. Matarsa tana zaune a ƙasa kusa da gadon da jariri a baya. Jinyar da Alhaji ya ce zai ɗauka, sau ɗaya aka zo, da buhun shinkafa da takarda a ce ya dangwala yatsa. Ya ƙi, aka koma da shinkafar. Idan aka ɗora masa laifi, mai moton zai bi shi, kuma ba wanda zai biya aikin ƙafar. Idan aka rubuta gaskiya, dole inshorar babbar motar ta biya.

Da yaren Sango muka yi magana. Bai roƙe ni komai ba. Ya ce shi bayansa ya juya, bai ga abin da ya same shi ba. Sai ya ce, "Madam, ke kin gani?" Na ce na gani.

Ban manta Miskine ba, Yaya, ina cikin gidan ranar. Amma ban tambaye shi inda yake a lokacin ba, domin ba shi ne ya lalata birkin motar Alhaji ba.

Daga asibiti ofishin 'yan sanda na wuce na ba da bayanina. Tun daga nan kullum ina hanya. Inshora su ce in kawo takardar banki, banki su ce sai ta inshora ta fito. Na nemi su ɗaga mini biyan wata-wata, manajan ya ce in rubuto, na rubuta a gabansa na ƙi tashi sai da ya buga hatimi. Kindirmo yanzu a kan moto nake kai shi a cikin kular ƙanƙara, wasu shagunan kuma sun daina karɓa ba tare da sun faɗi dalili ba. Luqman mai canji, wanda abin ya faru a ƙofar shagonsa, ya ce zai yi shawara kafin ya ba da shaida. Gobe zan koma wurinsa.

Na san abincinka na taɓa. Ka yafe mini, amma ba zan sa hannu ba.

Sharifa


Kilomita Biyar

Yaya,

Ina gaisuwa. Motoci sun zo sun koma ba amsarka, wayarka kuma ba ta shiga.

Luqman ya ba da shaida. Mai duba ɓarna na kamfanin ya shiga ƙarƙashin babbar motar ya ga birkin da idonsa. Konsta ta fito, laifi yana kan motar Alhaji. Tawa sun ce ba ta gyaruwa, za su biya banki kai tsaye, abin da zai rage mini ba zai sayi wata ba. An buɗe wa Firmin fayil, likita ya sa ranar aiki.

Sai dai Alhaji bai amince ba, ya ɗauki lauya. An kira mu zama a ofishin kamfanin farkon wata, kuma kafin a yi zaman ba wanda za a biya. Wakilinsa ya tare ni a bakin masallaci ya ce har yanzu ina iya janye bayanina.

Wani direba ya ce mini an karɓe makullin sito daga hannunka. Ban gaya wa Inna ba. Zaman zan je, kuma abin da na gani zan faɗa, amma ina so in ji daga wurinka ko gaskiya ne. Shirun nan ya fi faɗanka yi mini ciwo.

A gaida Anti Husna.
Sharifa


Garoua-Boulaï

Sharifa,

Salama. Gaskiya ne, an karɓa. Na yi fushi da ke, shi ya sa na yi shiru. Yanzu ina lodin albasa a tasha, muna ci, Husna tana gaishe ki.

Kada ki janye. Kuma kada ki shiga zaman nan ke kaɗai, Alhaji yana gefe da lauyansa. Na sami wuri a ayarin motocin Alhamis. Rabona da Bangui tun ranar da muka fito, ban san yadda garin ya koma ba, ki zo da kanki ki tare ni. Inna kuma ki bari ni zan gaya mata.

Yayanki,
Abdurra'uf