Na Sauko da Jitarka

Zuwa ga Baban Zuhuratu, inuwar kaɗanyata a tsakar rana, ruwan randata mai sanyi, hadarin farkon damina da dukan Tamale ke ɗaga kai ta kalla, maigidana kuma makaɗina.

Ina gaishe ka da jiki. Yau kwana arba'in da uku ke nan da babur ya kayar da kai a hanyar Kasalgu, aka kai ka gidan maɗori a Gumani da hannun hagu a karye wuri biyu. Na kira wayarka har na gaji. Na zo sau uku, ana ce mini kana barci. Daga baya wanka, Yaya Sidiki, ya kawo mini saƙonka: wai yatsu biyu sun ƙi motsi, maɗori bai yi alkawarin za su dawo ba, don haka in nemi wani ya riƙa kaɗa mini, kada in zauna jiranka.

Wa zan nema? Shekara tara ina waƙa kana kaɗa mini jita, gidan biki da gidan suna, daga Kukuo har ƙauyukan da mota ba ta shiga. Kurciya takan sauya reshe don iska ta karya wanda ta saba? To ni ban nemi kowa ba. Na sauko da jitarka daga jikin ƙusa, na goge ta, na tafi shagon Baba Gariba tela, wanda ya koya maka kiɗa tun kana saurayi.

Ya nuna mini kamu uku, wato yadda ake danne tsirkiya da yatsu. Sati biyu tsirkiya tana yanka mini yatsu, ko sabulun wanke-wanke ya taɓa su sai na cije leɓe. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya gagare ni shi ne haɗa biyun. Hannu shi kaɗai yana tafiya, murya ita kaɗai tana tafiya, amma da na buɗe baki sai hannu ya toge kamar jaki a bakin rafi. In kuma na mai da hankali ga hannu, baitin da ni na tsara shi da kaina sai ya gudu ya bar ni. Baba Gariba ya ce in ajiye waƙa tukuna. In yi ta kaɗa kamu ɗaya ina hira da Zuhuratu, ina tambayarta abin da aka koya musu a makaranta, har hannun ya daina neman shawarata. Bayan nan in rera karin da baki a rufe. Sai a ƙarshe in sa kalmomi, a hankali, ina lura da gaɓar da take faɗawa daidai lokacin da hannu ke sauka.

A nan ne asirinka ya tonu, hasken idona. Ranar Talata Baba Gariba ya sa ni in rera waƙar rakiyar amarya yana buga mini ƙafa. Kafin in kai amshi na riga ƙafarsa nesa. Ya yi dariya, ya ce ai tun da can haka nake, in waƙa ta yi mini daɗi gudu nake yi, kuma ina jan numfashi inda bai kamata ba. Ya ce kai ne kake bina, in na yi sauri ka yi, in na tsaya ka jira ni, shi ya sa ba wanda ya taɓa ji. Ka tuna bikin Rahimatu a Zango, da mata suka yi ta guɗa suna cewa muryata ba ta san tuntuɓe ba? Na taho gida ina taƙama, kana biye da ni da jita a kafaɗa kana murmushi. Ashe tuntuɓen nake yi, kai kake tare ni kafin in kai ƙasa. Na zauna cikin ƙyallayen shagon nan na yi kuka har keken ɗinki ya tsaya.

Yanzu kai ne za ka aiko mini in nemi wani? Kana tsammanin yatsu na aura? Kunnen da ya shekara tara yana sauraron numfashina bai karye ba, zuciyar ma lafiyarta lau. Gidan nan ba kai kamar fadama ce a watan bazara, komai yana nan a wurinsa, amma ba abin da ke tsiro.

Ga inda aka tsaya. Na amsa zan yi waƙa a bikin ƙanwata Tayyiba ƙarshen watan nan, ni kaɗai da jitarka. Waƙa biyu sun zauna. Ta ukun kullum tana watsewa a amshi, wurin sauya kamu, Baba Gariba kuma ya ce nasa ya ƙare, sauran sai wanda ya san numfashina. Ba na roƙonka ka kaɗa. Ka zauna kusa da ni ka buga ƙafa, in na yi gudu ka faɗa mini a fili, ka daina rufa mini asiri.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan zo Gumani da tuwo da miyar ayoyo. Ba zan yi sallama ba. Zan zauna a gindin mangwaron ƙofar gidan in fara waƙa ta uku. Na san za ta watse a amshi, na kuma san kai ba ka iya jin ana ɓata kiɗa ka yi zamanka a ɗaki.

Taka ce ni, ko yatsun sun dawo ko ba su dawo ba, har ranar da ƙasa za ta rufe mini ido.

Kausara