Darasin da Zai Mai da Ni Gida

Zuwa ga Ummata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, ke da Yaya da iyalinsa. Yaya ƙafar nan? Na san za ki ce ta warke, shi ya sa ban tambaya a waya ba. Ke kika koya mini cewa waya ta "lafiya lau" ce, magana kuwa sai a takarda.

Umma, mun shiga shekarar ƙarshe, an ce kowa ya zaɓi darasi ɗaya cikin uku da zai ƙware a kai. Na farko adana bayanan marasa lafiya a kwamfuta. Shi kowa yake rububi, domin manyan asibitoci suna ɗaukar masu shi tun sakamako bai fito ba. Na biyu inshorar lafiya, wanda malaminsa ko murmushi sai ya auna yake yi. Na uku tafiyar da ƙananan asibitoci: raba wa ma'aikata lokutan aiki, kula da ɗakin magani, hana janareto mutuwa ana tsakiyar aiki. Ajinsa kusan wayam yake. Sai dai duk wanda ya ɗauke shi, a zangon ƙarshe ana tura shi ƙaramin asibiti ya koyi aiki, kuma shi yake faɗin wanda yake so.

Kin dai gane inda na dosa. Jiya na wuce wani ɗaki da aka wanke da maganin kashe ƙwayoyin cuta, warin ya dake ni, na tsaya kamar wadda aka kira sunanta. Bencin nan na ƙofar ɗakin haihuwa na tuna, inda nake yin aikin gida ina jiran ki tashi, in ji kukan jariri in ce saura kaɗan Umma ta fito. Ina kewarki, Umma, kewar da ta fara hana ni karatu.

Ki ba ni shawara.

'Yarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafa kuma tana nan tana kai ni inda na aike ta.

Na karanta wasiƙarki a ɗakin hutu, na yi dariya har mai shara ta leƙo. Yarinyar da ta ga jini ta sulale ƙasa, har na bar mai naƙuda na dawo ina yi mata fifita, ita ce yau take kewar warin asibiti! Ikon Allah.

Shawara kika nema, ga ta: ki ɗauki na kwamfutar. Me za ki koya a wurinmu? Rufin ɗakin haihuwa har yanzu yoyo yake yi, bokitin da kika sani shi ne dai, na kai ƙara har bakina ya gaji. Ma'aunin jarirai sai an ɗan buge shi yake faɗin gaskiya. Ban yi shekarun nan ina karɓar 'ya'yan mutane ba don tawa ta ƙare a gadin bokiti. Kada ki zaɓi darasi saboda tsohuwa. Tsohuwa tana nan, ba inda za ta.

Ɗakinki kuwa na sa an fitar da kwalayen Yayanki, na canja labule. Kada ki sa wani abu a ranki, ƙura ce ta yi yawa.

Allah ya yi miki albarka.

Ummanki

*

Ummata,

Bayan gaisuwa da ban haƙuri. Ban bi shawararki ba, labulen na bi. Na ɗauki na ukun, kuma an rufe zaɓi.

Umma, garin neman gira na rasa ido. Ranar da aka kira mu mu faɗi asibitin da muke so, na shiga ofishin malamar da ke rabon da fara'ata. Na faɗi namu. Da na tsaya nan da shi ke nan, har ta ɗauki biro. Amma bakina ya ƙi, ina so ta san 'yar wace ce ni. Na ce mata, "Ai mahaifiyata ce babbar ungozomar wurin, a nan na tashi."

Sai ta ajiye biron. Ta ce, "Ayya, 'yata. Ba ma tura ɗalibi inda yake da ɗan'uwa ma'aikaci. Aikinki can shi ne ki duba yadda kowa yake aiki ki rubuta. Za ki iya rubuta cewa mahaifiyarki ta makara?"

Na ce ba kya makara. Ta ce to, kin gani ko.

Yanzu sai ƙarshen wata za a kafe sunaye, kuma ta ce wataƙila a tura ni wani wuri da ya fi nan nisa da gida. Na bar darasin da kowa yake so don in zo gare ki, ga shi ke ɗin ce dalilin da ba zan zo ba. Na yi kuka a bayan ɗakin karatu har wani mai gadi ya tambaye ni ko rasuwa aka yi.

Ki yafe mini. Ki mayar wa Yaya da kwalayensa.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Kin san ni da rubutu ba ma shiri, amma wannan ba ta waya ba ce, don Umma tana kusa za ta ji.

Umma ta ajiye aiki. Ba wanda ta yi shawara da shi. Ranar da wasiƙarki ta zo ta karanta, ta ninke, ta ce in kai ta wurin shugaban asibiti. Na ɗauka maganar rufin ce. Shugaban ya roƙe ta, ya ce saura mata shekara biyu ta yi ritaya, wa za ta bar wa ɗakin haihuwar? Ta ce yaran da ta koyar sun isa.

Ta dawo gida da takalmin aikinta a leda, da ƙahon nan da take ɗorawa a cikin mata tana sauraron bugun zuciyar jariri. Ta ajiye shi a kan talabijin. Auta, kullum da safe sai ta yi wanka ta shirya tsaf, sannan ta tuna, ta zauna. Shekaranjiya wata mai ciki ta wuce ta ƙofar gida, Umma ta bi ta da ido har ta sha kwana, ta ce, "Wannan ba za ta kai Juma'a ba ta haihu ba."

Ba laifinki nake gani ba. Na dai ga ya kamata ki sani.

Yayanki

*

Umma,

Ko gaisuwar kirki na kasa. Yaya ya faɗa mini.

Don girman Allah ki koma ki janye. Wata huɗu ne kawai zangon, Umma. Wata huɗu za ki saya da aikin da kika fi so fiye da barcinki? Ni zan iya haƙuri, na saba. Ki bar ni in tafi duk inda suka tura ni, in na gama zan zo. Ban faɗa wa malamar komai ba, kuma ba zan faɗa ba, jira kawai nake in ji kin koma.

Idan kika zauna a gida saboda ni, da wane ido zan shiga ɗakin nan in ga wata a kujerarki?

'Yarki mai kewarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam, ko da ba ki yi ba.

Yayanki bakinsa ba ya riƙe ruwa, tun yana yaro. Ba zan janye ba. Kin ce in kin gama za ki zo. Na ga 'ya'yan mutane da yawa da suka faɗi haka, manyan asibitoci suka riga iyayensu. Na karɓi jariran da ban san adadinsu ba, kowanne na miƙa wa uwarsa ta tafi da shi gida. Ni ma ina son tawa, kuma na gaji da ɓoyewa.

Gobe ki je ki gaya wa malamarki ba ki da kowa a asibitin nan. Wannan karon ki faɗi haka ki yi shiru.

Ki zo da rigar sanyi, ofishin da za su ba ki tagarsa ɗaya ta fashe. In kin samu iko ki fara da rufin.

Na tambayi shugaba, ya ce bencin ƙofar ɗakin haihuwa na kowa ne. Kin daɗe kina jirana a kansa. Yanzu ni zan zauna in jira ki tashi.

Ummanki