Keke Marar Haƙora

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Huda, autata, ta iso daga Damagaram goyon ciki. Ƙafafu sun kumbura, amma bakin nan nata yana nan yadda na san shi. Ya Kaka, uwar mai gidana, ta shafa cikin da hannu biyu, ta yi addu'a, sai ta juya fuska bango. Na san dalili. Duk jaririn da aka haifa a zuri'arta ita ke ɗinka masa bargon suna da hannu: tsohon zane sama da ƙasa, auduga a tsakiya, ta bi shi da wani ɗinki mai lanƙwasa da take kira sawun iska, irin zanen da iska ke bari a kan tudun rairayi can garinsu wajen Bune. Bara idon ya tafi gaba ɗaya. Allura ma ba ta iya riƙewa.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Tuwon Ya Kaka ya dawo ba ta taɓa ba. Na ji tana ce wa Huda wannan ne jininta na farko da zai zo duniya ba lulluɓi, gara a mayar da ita Bune ta daina cin hatsin banza. Raina ya ɓaci. Shekara ashirin da shida muna gida ɗaya, ba mu taɓa faɗa ba, ba mu taɓa hira ba. Har yau ’yar Tasawa take kirana, da sunan garinmu.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Huda ta nuna min wata mata a salula tana ɗinka bargo da keke. Yadin ne ke yawo ƙarƙashin allura, hagu, dama, zagaye, kamar mai rubutu. Wallahi na ɗauka ƙaryar salula ce. Ni da na shekara ashirin da biyu ina ɗinka kayan ’yan lakwal, wato makaranta, layina ko da zare aka gwada ba a samun karkata, na san keke gaba ya sani, shi ke nan. Na jira suka shiga ɗaki na gwada. Allura biyu na karya.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na aika aka kira Malam Garbai, tsohon nan mai gyaran kekunan ɗinki a bakin kasuwa. Ya kalli hoton sau uku, yana ta gyaɗa kai. Ya ce ba sihiri ba ne, haƙoran da ke ƙarƙashin allura su ke jan yadi gaba, muddin suna sama to keke ne ke tuƙi ba ni ba. Ya kwantar da kan keken baya, ya nuna min wani ɗan bis, ƙusa mai murɗawa, a ciki, duk tsatsa da rairayi sun rufe shi. Ya ɗiga mai, ya jira, ya murɗa da turnabis. Sai ga haƙora sun nutse ƙasa.

Ikon Allah. Shekara ashirin da biyu bis ɗin nan yana ƙarƙashin hannuna ban san da shi ba. Duk Juma’a ina goge keken nan, ina ba shi mai, ba na barin kowa ya taɓa min, ashe rabin abin da ya iya ya ɓoye min.

Ya cire takalmin da ke danne yadi, ya mayar da tsawon ɗinki sifiri, ya ce in nemi abin da zai ɗaure yadin ya yi tauri. Daga kan tabarmarta Ya Kaka ta tambaya me aka yi wa keken. Huda ta ce an sauke masa haƙora. Ta ce to yanzu sun zama su biyu a gidan nan. Dariyarta ta farko ke nan tun zuwan Huda.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Na fasa tsofaffin rariya biyu na cire bakinsu. Ƙaramin ya shige cikin babban daram, yadi a tsakaninsu ya ɗaure kamar fatar ganga. Ta sama ɗinkin ba laifi. Da na juya bayan, innalillahi, zare ya cukurkuɗe kamar sheƙar tsuntsu.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Na sake zare. Na sake allura. Na ciro ƙoshiyar zaren ƙasa na busa, na goge, na matsa ɗan bis ɗinta, na sassauta. Sheƙa dai.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na matsa zaren sama har ƙarshe, ko gezau. Na yi wa Huda tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ta shiga ɗaki tana kuka. Ni ce ba ni da gaskiya. Matar da ke yi mata awo a likita ta ce saura sati uku, ko ƙasa.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Yau abin da ya faru, ban san yadda zan rubuta shi ba.

Da hantsi ina ta fama, na tsinke zare karo na nawa, sai Ya Kaka ta ce, “Ke ’yar Tasawa, kin daina ƙwas ɗin nan.” Na ce wane ƙwas? Ta ce kullum kafin in taka keke akwai wata ƙara da nake yi, ƙwas, sannan ya tashi. Kwana huɗu ba ta ji ta ba.

Nan take na gane. Ɗan hannun nan ne na bayan keke, mai sauke takalmi. Tunda aka cire takalmin na daina sauke shi, a ganina me zai danne? Ashe shi ne kuma ke sa keke ya kama zaren sama. In yana ɗage, ko ka matsa har gobe zaren a sake yake tafiya. Na sauke shi. Ƙwas. Na taka, na juya yadin. Fes, ba ko gashin zare ɗaya.

Na daɗe ina kallonta. Tana zaune tana jan carbi kamar ba ita ta yi magana ba. Duk shekarun nan da nake zaton ba ruwanta da ni, ashe tana saurare. Ta ce ta san ranar da nake fushi ma, keken sauri yake yi yana haki. Kunya ta kama ni.

Juma’a, 15 ga Nuwamba

Keke ya yarda, ni ce ban yarda ba. In na taka da sauri hannuna ya tsaya, ɗinki ya taru wuri ɗaya. In hannu ya yi gaba ƙafa ta manta, ɗinki ya yi tsalle ya kai faɗin yatsa. Kuma duk lanƙwasar da na yi sai ta fito da kusurwa, kamar aljihun riga. Na ba Ya Kaka ta shafa. Ta bi shi da yatsa a hankali, ta ce wannan ba iska ba ce, jaki ne ya bi ta wurin. Huda ta yi dariya har ta riƙe ciki. Ni ma na so in yi, na danne.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Hannuna layi kawai ya sani. Ban taɓa tunanin wannan abin kunya ba ne sai yau.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Ban shirya ba, bakina ne ya riga ni. Na ce, “Ya Kaka, zo ki riƙe bakin rariyar, ni in taka.”

Ta ajiye carbinta. Sai ta ce allura za ta ci mata yatsa. Na ce in hannunta yana kan katakon ba zai kai wurin allura ba, kuma idona yana kai. Huda ta kawo kujerar tsakar gida muka ɗora matashi, ta zauna a gaban keken. Ni na matsa gefe na miƙa ƙafa ɗaya kan mataki, kafaɗarmu a haɗe. Ban tuna rabon da jikina ya taɓa nata ba.

Na sauke hannun. Ƙwas. Na fara takawa a hankali. Da farko ta firgita ta saki. Karo na biyu ta ce in ƙara sauri kaɗan, in tsaya a nan, kada in canza. Sai ta fara ƙirga wani abu da yarensu na Manganci can ƙasan maƙoshi, hannuwan nan masu rawa suka daina rawa. Yadin ya tafi, ya lanƙwaso, ya dawo kusa da layin farko bai taɓa shi ba, ya sake tafiya. Ba alli, ba zane, ba ido. Ina kallon tudun rairayi yana fitowa a kan tsohon zanen Huda na makaranta.

Na ce subhanallahi a fili ban sani ba. Ita ko cewa ta yi in yi shiru, ƙafata na karkacewa in na yi magana.

Da rana ta cinye tuwonta, ta ce miyar ba gishiri.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Kullum da hantsi awa ɗaya, kafin hannunta ya gaji. Ni ke matsar da bakin rariya zuwa sabon wuri, in ɗora yatsanta inda aka tsaya. Zare ya tsinke sau biyu, ta ce allurar ta dakushe, tana jin tana bugun yadi maimakon ta huda. Na sake allura. Gaskiyarta.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Ta ba ni labarin yadda ta koya. Suna yara suna kiwon awaki, in an yi iska da safe sai su riga dabbobi hawa tudu su kwaikwayi zanen da yatsa. Ta ce layi ba ya tsallake ɗan uwansa, kuma ba a gyara wanda ya karkace, sai dai na gaba ya bi shi. Na tambaye ta abubuwa da yawa. Har garwashin shayi ya mutu ban lura ba.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Huda ta sauka bayan azahar. Namiji. Lafiya lau su biyu, alhamdulillahi. Bargon saura kusurwa ɗaya.

Laraba, 4 ga Disamba

An yi suna, Isufu. Mata sun yi ta juya bargon suna tambaya wa ya yi. Wata ta nuna ni ta ce aikin keke ne, ai Sa’adiyya ce. Kafin in buɗe baki Ya Kaka ta ce, “Hannuna ne, ƙafarta ce.” Ta sa aka miƙo mata yaron a ciki, ta bi layukan da yatsa har inda suka ƙare a wuyansa. Na shige madafa, wai zan duba shinkafa.

Asabar, 7 ga Disamba

Malam Garbai ya biyo yin barka, ya ce in kawo keken ya ɗaga min haƙoran, ya ji yaran lakwal na jiran kayansu. Na ce masa bis ɗin ya cije, sai wani satin.

Bai cije ba. Jiya na gwada, da yatsa ma juyawa yake.

Kujerar Ya Kaka na nan gaban keken, ban ɗauke matashin ba. Ta ce jikarta ta Gidigir ma ta kusa, kuma wai wannan karon ni zan riƙe rariyar, ita ta ɗora hannunta a kan nawa. Na ce mu gani. Tsohon zanen da za mu yi bargon da shi dai na riga na wanke shi, yana kan igiya.